Jakar Harsashin da Ɗalibaina Suka Raina

A makon jiya na nuna wa ɗalibaina hoton wata tsohuwar jakar fata, baƙa, doguwa, mai kusurwa shida, na ce su faɗa mini ko mece ce. Wani ya ce kwari ne, aji ya kwashe da dariya. Ni ban taya su ba, domin shi kaɗai ya kusanci gaskiya.

Jakar ta sojan dokin Amurka ce, daga yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi na ɗura bindigar toka ya san wahalar: a zuba albarushi ta baki, a bi shi da dalma, a danna da sanda. To, a gwada wannan bisa doki, linzami a hannu guda! Shi ya sa gajerun bindigogin da ake ɗurawa ta gindi suka fara karɓuwa wurin mahaya. Sai dai kowace da irin harsashinta, kowane harsashi kuma da mazauninsa. Na Sharps a takarda ko ƙyalle ake naɗe shi, laima kaɗan ta kashe shi. Na Burnside kwanson tagulla gare shi, akan jera shi cikin katako mai ramuka da aka lulluɓe da fata.

Bindigar Spencer ce ta canja lissafi, don harsashi bakwai take haɗiyewa ta ƙota. Amma in sun ƙare, soja ya koma cusa su ɗaya-ɗaya, abokan gaba kuwa ba jira za su yi ba. A ƙarshen 1864 Erastus Blakeslee, hafsan sojan doki daga Konetikat, ya yi wa wannan jaka rajista. Bututun gwangwani goma ne a cikinta, kowane da harsashi bakwai. A zaro ɗaya, a juye cikin ƙota, shi ke nan. Harsashi 70 rataye a kafaɗa.

Littattafai sun saba yi wa Janar James Ripley, shugaban sashen makamai, ba'a saboda jan ƙafar da ya yi kan irin waɗannan bindigogi, wai yana tsoron ɓarnar harsashi. A ganina an cika masa. Mutumin da zai ciyar da bindigogi iri-iri, kowace da abincinta, ta hanyoyin taɓo da keken alfadarai, yana da dalilin fargaba, kuma bambancin jakunkunan nan shaida ne a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar waɗanda suka saura. Fata mai shekara 160 takan bushe ta tsattsage, mai ita kuma don ƙauna sai ya laɓta mata mai. Man ya ratsa ta, ɗinki ya saki, hatimin badukun da ya yi ta da na jami'in da ya duba ta su dushe. Waɗannan hatimai kuwa da su ake bambance ta asali da ta jabu.