Daga Tafin Shaho Zuwa Kofaton Sa



A 1999 aka buɗe asibitin shaho a Abu Dabi, saboda darajar tsuntsun a wurin Larabawa mafarauta. Cikin cututtukan da ake yawan kaiwa can akwai kumburin tafin ƙafa. Shaho ya daɗe tsaye kan mazauni mai tauri, ko farcensa ya yi tsawo ya soki tafinsa, sai ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Mugunyar tsuntsu kuwa daskararriya ce, ba ta tsiyayewa. Dole likita ya tsaga ya kwashe, ya ɗaure, ya ba da magani, sannan a gyara mazaunin. In ba a gyara ba, ciwo ya dawo.

To, mu nan Hasahisa wannan karatu namu ne. Ƙasar Jazira laka ce mai danƙo. Da damina, ko a bakin magudanan ban-ruwa, sa yana wuni cikin taɓo, fatar tsakanin kofato ta yi laushi, kara ya yanke ta. Sai ɗingishi, kumburi da wari. San da ya gurgunce a hanya, dillali ne zai yanka masa kuɗin da ya ga dama.

Saboda haka mu ɗaga ƙafa mu duba kafin mu saya. Wanda ya kamu, a ware shi a busasshen wuri, a wanke, a nemi likitan dabbobi ya yi allurar Terramycin da wuri. In kuwa har da dalala da ƙuraje a baki, wannan ciwon baki da kofato ne, mai yaɗuwa. Kada a tsallaka iyaka da shi.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.