Amoksisilin: Yadda Yake Aiki da Illolinsa

Gabatarwa

A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, wato "ƙwayar cuta", ga halittu biyu mabambanta: bakteriya da bairas. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa mutane suke shiga kemis a Gwagwalada ko Nyanya su sayi amoksisilin don mura. Shi ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwana ɗalibai ɗan bayani a kan maganin.

Yadda Yake Aiki

Amoksisilin dangin fenisilin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Kamfanin Beecham na Ingila ne ya fitar da amoksisilin kasuwa a 1972. Bakteriya tana da bango da ya kewaye jikinta, shi kuma maganin yana hana ta gina bangon, sai ta fashe ta mutu. Ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, don haka ba ya rusa su. Bairas ma ba ta da shi, kuma ita ce ke kawo mura. Ke nan shan amoksisilin don mura asarar kuɗi ce. Likitoci kan ba da shi don ciwon kunne, da na maƙogwaro, da limoniya, idan bakteriya ce sanadi.

Nau'o'insa

Akwai kafso mai miligiram 250 da mai 500. Akwai gari a kwalba da ake haɗawa da tafasasshen ruwan da ya huce, don yara. Akwai ƙwaya mai narkewa a ruwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yara masu limoniya. Akwai kuma allura. Ana auna wa yaro ne gwargwadon nauyinsa.

Illolinsa

Yakan jawo gudawa, tashin zuciya, amai da ƙuraje. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a daina sha a garzaya asibiti. Duk wanda fenisilin ba ya karɓarsa, kada ya sha. Babbar illa kuwa ita ce shan sa barkatai, domin bakteriya takan saba da shi har ya daina kashe ta.

Kammalawa

Shawarata ita ce kada a sha sai da izinin likita, a kuma cika kwanakin da ya rubuta. A duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 mai hedikwata a nan Abuja, da ranar lalacewar maganin. Allah Ya ba mu lafiya, amin.