Masauki a Yamai: abin da Ba'are zai duba kafin ya ɗauki jaka

Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 280 ce, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, ta Doso da Birnin Gaure. Kullum motoci cike suke da mutanen Matankari, Dankasari, Gecheme, Kore Mairuwa da Tibiri, kowa da abin da ya tayar da shi: wani zai kai maras lafiya, wani neman fasfo, wani bin takardun fansho, wani sarin kaya, ga ɗalibai, ga maniyyata. Akasarinsu sun lissafa kuɗin mota tun daga gida, har da na guzuri. Zancen inda za a kwana kuwa sai a bar shi sai an isa, ana cewa Allah na nan. Allah na nan kam, amma da yawa daga cikin kuɗin da ke zubewa a Yamai nan suke zubewa.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne kogin Kwara ya raba birnin biyu. Ma'aikatun gwamnati, Babbar Kasuwa, kasuwannin Katako da Wadata, da Babban Asibitin Ƙasa duk suna gefen da motar Doso ke fara shiga. Jami'ar Abdu Mumuni da asibitin Lamorde suna tsallake, a ɓangaren da ake kira Harobanda. Gadoji uku ne suka haɗa su: gadar Kennedy ta 1970, gadar da Sin ta gina aka buɗe a 2011, sai ta Janar Seyni Kunce ta 2021. Da safe da kuma lokacin tashi daga aiki gadar Kennedy cushewa take yi. Tasin Yamai kuma na haɗaka ne, direba yakan tambayi inda ka nufa, in bai yi daidai da hanyar fasinjojinsa ba ya wuce abinsa, in wurin da nisa ya ce sai ka biya kuɗin mutum biyu. Saboda haka wanda ya samu ɗaki mai araha a unguwar Filin Jirgi ko Talaje alhali maras lafiyarsa na kwance a Lamorde, abin da ya rage a kuɗin ɗaki tasi zai cinye shi cikin kwana biyu, ga wahala a kai. A fara tambayar ina buƙatar take, sannan a nemi shimfiɗa kusa da ita.

Mafi yawan Arawa gidan dangi suke sauka, kuma da wuya a samu unguwa a Yamai, daga Bukoki zuwa Lazare da Banizumbu, da babu wani ɗan Arewa a cikinta. Wannan tsohuwar al'ada ce, ita ta haifi zangon da ke tsakiyar birnin ma, kuma har gobe babu masaukin da ya kai ta amfani: mai gida ya san hanya, ya san ƙofar ofishin da za a buga, yana jin Zabarmanci. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, wannan masauki ba kyauta ba ne, wani ne ke biya. Ɗan'uwan nan da ake gani babban ma'aikaci daga ƙauye, wataƙila ciki da falo yake haya, ruwa saye, wuta saye, gawayi saye. An ce baƙo raɓa ne, to raɓar da ta kwana goma sha ta zama wani abu dabam. Mutunci shi ne a buga waya kafin a taso, a faɗi yawan mutane da yawan kwanaki, a riƙo ɗan wake ko gyaɗa ko tiyar hatsi, in zama ya yi tsawo a sa hannu a kuɗin cefane ko da an ce a bari. Mace mai tafiya ita kaɗai, ko uwa da yara, ta tabbatar uwargidan ta san da zuwanta, kada zancen ya tsaya a bakin maigida.

Wanda ba shi da kowa kuma aljihunsa bai da nauyi, tasha ce gatansa. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo, STM da Al Izza suna da rumfunan jira inda fasinja kan shimfiɗa tabarma, akwai wurin alwala da makewayi. Na dare ɗaya ne, ga wanda ya iso cikin dare ko zai tashi da asuba. Kuɗi da waya a jiki, jaka a ƙarƙashin kai. Masu jinya su kuma a harabar asibiti suke kwana, don haka tabarma, buta, bargo da gidan sauro su zo cikin kaya tun daga gida, sayensu a bakin asibiti tsada ne.

A tsakiya akwai ƙananan otel da gidajen baƙi, kuma a nan ne ake yawan yin zaɓen tumun dare. Ɗaki iri biyu ne, mai fanka da mai na'urar sanyi, kuma farashinsu da tazara. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin hunturu, biyan kuɗin sanyi asara ce. A watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafin Yamai ke haura digiri 40, ɗakin siminti mai rufin kwano ko da fanka ba ya kwantuwa, musamman ga tsoho ko mai hawan jini. Kuma na'ura ba ta aiki sai da wuta. Nijar ta daɗe tana sayo babban kason lantarkinta daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, kowa ya ga duhun da aka shiga lokacin da aka yanke shi a Agustan 2023, kuma ko ba rikici, da bazara ɗaukewar wuta ruwan dare ce. Don haka tambayar da ta fi kuɗin ɗaki muhimmanci ita ce: akwai janareto, kuma ana tayar da shi da dare? A shiga ɗakin kafin a biya, a murɗa famfo, a duba makulli da ragar taga. A kuma riƙe katin shaida, don otel ba ya ba da ɗaki sai an cike takarda.

Damina na da nata lissafin. A Satumban 2020 kogi ya fasa shinge ya mamaye unguwannin Lamorde, Karaje, Kirkisoye da Saga, dubban mutane suka rasa matsuguni. A Agustan 2024 ruwa ya yanke hanyar Doso kanta a bakin birni na wasu kwanaki. Mai neman wuri tsakanin Yuli da Satumba, balle ɗalibin da zai kama haya a Harobanda saboda ɗakunan jami'a ba sa isa, ya dubi jikin bango, tabon ruwan bara ba ya ɓoyuwa. Ya tambayi maƙwabta, kada ya tsaya ga maganar dillali, shi la'adarsa yake nema.

Manyan otel ba sai an daɗe a kansu ba. Radisson Blu, Bravia da Noom an buɗe su ne a 2019, shekarar da Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, ga tsofaffi irin su Gaweye da Grand Hôtel a bakin kogi. Dare ɗaya a sababbin na iya kai jika 100. Abin da ake saye a can shi ne tsaro, wutar da ba ta ɗaukewa da kusanci da ma'aikatun unguwar Filato. Wanda wata ƙungiya ta gayyata taro kuma ta ɗauki nauyinsa ya more. Ɗan kasuwar da ke biya daga jarinsa don a ce ga inda ya sauka, shi ya sani.

Saura abu ɗaya da ba ya cin ko dala: lokacin isa. Mai shiga Yamai da rana yana da damar ya duba wuri biyu ko uku ya yi ciniki, mai shiga ƙarfe goma sha ɗayan dare kuwa abin da ya tarar shi zai karɓa, a farashin da aka yanka masa. Jama'ar Dutsi da Tibiri, ku shiga motar safe, kuma kada ku bar gida sai kun san sunan unguwar da za ku kwana da lambar wanda zai tarbe ku.