Stephen King

Stephen Edwin King (an haife shi ranar 21 ga watan Satumba, 1947) marubucin ƙagaggun labarai ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi fice a labaran ban tsoro da na al'ajabi. Ya wallafa littattafai fiye da 60, ban da gajerun labarai kusan 200, kuma da yawa daga cikinsu an mayar da su fina-finai ko shirye-shiryen talabijin. An san shi da tsayayyen tsarin aiki da yawan karatu. An kuma san shi da son kallon talabijin, duk da cewa shi ne ya shawarci masu koyon rubutu su rage zama a gabanta.

Farkon rayuwa

An haifi King a birnin Portland na jihar Maine. Yana ɗan shekara biyu mahaifinsa ya bar gida bai sake dawowa ba, mahaifiyarsa Nellie Ruth ta rene shi tare da wansa David cikin rashi. Ba a samu talabijin a gidansu ba sai a 1958, lokacin yana da shekara 11, saboda haka littafi ya riga ta shiga zuciyarsa. Ya ba da labarin yadda ya tsinci akwatin tsofaffin littattafan mahaifinsa, ciki har da tarin labaran H. P. Lovecraft, ya ce a nan ya gane irin rubutun da yake so ya yi. Tun yana yaro yake aika labarai zuwa mujallu ana mayar masa da su. Yakan soke takardun ƙin karɓar a jikin ƙusa a bangon ɗakinsa, har suka yi wa ƙusar nauyi ya sake wata babba.

Ya kammala digiri a fannin Turanci a Jami'ar Maine a 1970, ya auri Tabitha Spruce a 1971. Ya yi aiki a wani kamfanin wanki kafin ya samu koyarwa a makarantar sakandare ta Hampden Academy, yana rubutu da dare da ƙarshen mako.

Carrie da abin da ya biyo baya

Littafinsa na farko da aka buga, Carrie, ya kusa salwanta. King ya rubuta shafuka kaɗan na farko, bai gamsu ba, ya jefa su kwandon shara. Tabitha ce ta tsamo su ta karanta, ta ce masa ya ci gaba. Kamfanin ɗab'i na Doubleday ya ba shi kafin alƙalami na dala 2,500, aka fitar da littafin a 1974. An sayar da haƙƙin bugu mai arha a kan dala 400,000, rabi nasa, ya ajiye aikin koyarwa. Mahaifiyarsa ta rasu a ƙarshen 1973, ba ta ga fitowar littafin ba.

Daga nan sai 'Salem's Lot (1975), The Shining (1977), The Stand (1978), It (1986) da Misery (1987). Saboda yana rubutu fiye da abin da masu ɗab'i ke son fitarwa a shekara, ya buga wasu littattafai da sunan aro na Richard Bachman, har asirin ya tonu a 1985. A waɗannan shekaru ya faɗa shan giya da hodar iblis, ya ce da ƙyar yake tuna yadda ya rubuta Cujo (1981). Iyalinsa ne suka tsare shi a ƙarshen shekarun 1980 har ya daina.

Yadda yake rubutu

Mafi yawan abin da aka sani game da tsarin aikinsa ya fito ne daga littafinsa On Writing (2000). A wancan lokacin, safiya ta sabon rubutu ce: kalmomi 2,000 a rana, kimanin shafi goma, kuma ba ya tashi sai ya cika su. Ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa yana hutawa ranar Kirsimeti da ranar 'yancin kan Amurka da ranar haihuwarsa, daga baya ya amsa cewa faɗa kawai ya yi. Idan ya fara littafi ba ya tsallake rana, don a ganinsa mutanen cikin labari suna yin sanyi idan aka bar su.

Yana son ya gama daftarin farko cikin wata uku, ƙofa a rufe, ba wanda zai gani. Sai ya ajiye shi aƙalla mako shida kafin ya sake dubawa, ya rage kusan kashi goma cikin ɗari, sannan ya ba Tabitha da wasu amintattu su karanta. Ba ya yawan tsara labari daga farko zuwa ƙarshe. Yakan jefa mutane cikin wani mawuyacin hali ne ya bi su ya ga inda za su ɓulla, kuma masu suka suna danganta raunin ƙarshen wasu littattafansa da wannan ɗabi'a.

Ranar 19 ga watan Yuni, 1999, mota ta buge shi yana tafiya a gefen titi kusa da garin Lovell. Ya karye a ƙafa da ƙugu, huhunsa ya samu rauni. Bayan kusan mako biyar ya koma kan On Writing yana zaune a keken marasa lafiya. Littafin Dreamcatcher (2001) kuwa da hannu ya rubuta shi, da alƙalamin tawada.

Karatu

King ya ce shi mai jinkirin karatu ne, amma yana gama littattafai 70 zuwa 80 a shekara, galibinsu ƙagaggun labarai. Dabararsa ita ce ba ya fita babu littafi: a layi, a ɗakin jiran likita, har a filin wasan ƙungiyar Boston Red Sox an sha ɗaukar hotonsa yana karatu. A mota yana sauraron littattafan da aka naɗa da murya, kuma lokacin da 'ya'yansa suke ƙanana yakan biya su su karanta masa littafi a kaset. Biyu daga cikinsu, Joe Hill da Owen King, sun zama marubuta. Matsayinsa shi ne wanda ba shi da lokacin karatu ba shi da kayan aikin rubutu, kuma littafi maras kyau ma yana koyar da abin da za a guje wa. Yana yawan ambaton Richard Matheson cikin waɗanda suka yi masa tasiri. Sunan garin Castle Rock da ke cikin labaransa daga Lord of the Flies na William Golding ya ɗauko shi.

Shi da talabijin

A On Writing ya bayyana talabijin a matsayin babbar mai cinye lokacin da ya kamata a yi karatu. Amma shi kansa ma'abocin kallo ne, sai dai ya ware mata dare, bayan ya sauke nauyin shafukan ranar. Tun a Danse Macabre (1981) ya keɓe babi guda ga shirye-shiryen ban tsoro irin su The Twilight Zone da The Outer Limits, inda ya fifita Thriller na Boris Karloff.

Daga 2003 zuwa 2011 yana da fili a mujallar Entertainment Weekly mai suna The Pop of King, yana rubutu kan littattafai da fina-finai da talabijin da bakin ɗan kallo. A nan ne aka ga irin son da yake yi wa Lost, shiri mai dogon zango na tashar ABC (2004 zuwa 2010). A 2005 ya yi kira da a bar shirin ya ƙare idan labarinsa ya ƙare, kada a ja shi don neman kuɗi. Masu shirin su ma masoyansa ne: sun ce The Stand ya yi musu tasiri, kuma a farkon zango na uku an nuna ƙungiyar masu karatu tana muhawara a kan Carrie. Daga baya J. J. Abrams, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Lost, ya shirya 11.22.63 (2016) da Castle Rock (2018) daga ayyukan King. Ya kuma yaba wa Breaking Bad sosai. Son da yake yi wa Sons of Anarchy ya kai shi ga fitowa a ciki a 2010, a matsayin mai ɓatar da gawa, sunansa Bachman.

Ya yi wa talabijin rubutu shi ma, kodayake sakamakon bai zo ɗaya ba. Ya rubuta The Stand na 1994, da The Shining na 1997 saboda bai ji daɗin fim ɗin Stanley Kubrick na 1980 ba, sai dai yawancin masu sharhi har yau na Kubrick suka fi ɗauka da muhimmanci. A 1998 ya rubuta kashi ɗaya na The X-Files tare da Chris Carter. Storm of the Century (1999) talabijin ya rubuta wa kai tsaye, ba daga wani littafi ba. Kingdom Hospital (2004) bai wuce zango ɗaya ba. A 2021 shi ya rubuta duka kashi takwas na Lisey's Story na Apple TV+, daga littafinsa na 2006 wanda ya sha cewa yana cikin waɗanda ya fi so.