Shin Ko Kun San? Ƙaramin Kan Jirgin da Ya Kori Tururi

Shin ko kun san cewa kan jirgin ƙasa mai injin dizal da lantarki na farko da ya samu karɓuwa a kasuwar Amurka aikin shantin aka saye shi ya yi? Wato jan taragu daga wannan layi zuwa wancan a cikin tashar kaya, a haɗa na haɗawa, a raba na rabawa. Kamfanin Central Railroad of New Jersey ne ya saye shi a shekarar 1925, ya buga masa lamba 1000.

Shin ko kun san hayaƙi ne ya buɗe masa ƙofa? A 1902 jirage biyu suka yi karo a ramin ƙarƙashin titin Park Avenue na birnin New York, bayan hayaƙi da tururi sun rufe wa direba fitilun hanya. Daga nan hukuma ta fara matsa wa jiragen kwal lamba. A 1923 aka kafa Dokar Kaufman, wadda ta wajabta wa kamfanoni su koma lantarki a cikin birnin kafin farkon 1926. Ja wa kowace 'yar ƙaramar tashar kaya waya abu ne mai cin kuɗi, sai aka nemi kan jirgin da zai riƙa samar wa kansa wuta.

Shin ko kun san kamfanoni uku ne suka haɗa hannu suka ƙera shi? Ingersoll-Rand ta kawo injin dizal, General Electric ta kawo janareta da sauran kayan wuta, ita kuma ALCO, wadda ta yi suna a ƙera jiragen tururi, ta yi gangar jiki da ƙafafu.

Shin ko kun san injin dizal ɗin ba shi da wani ƙarfe da ya haɗa shi da ƙafafun jirgin? Aikinsa ɗaya ne: ya juya janareta. Janareta ya ba da wuta, wutar ta bi waya ta sauka zuwa ƙananan injinan lantarki guda huɗu da ke ƙarƙashi, kowanne yana juya sandar ƙafafu ɗaya. Dalili kuwa shi ne injin dizal ba ya iya tashi da kaya a kansa, sai ya fara gudu tukuna, kuma a wancan zamani babu kuloci da giyar da za su jure nauyin jerin taragu. Injin lantarki shi kuwa tun yana tsaye cak yake ba da mafi girman ƙarfin ja. Mai shantin, wanda wuninsa ke ƙarewa a tashi da tsayawa, abin da yake nema ke nan.

Shin ko kun san saita injin da janareta su tafi daidai ya daɗe yana ba injiniyoyi wahala? Idan janareta ya nemi abin da ya fi ƙarfin inji, sai injin ya shaƙe ya mutu. Hermann Lemp, injiniyan General Electric haifaffen ƙasar Suwizalan, shi ya warware wannan ƙulli. A 1914 ya yi rajistar dabarar da ta sa direba ke sarrafa duka biyun da mariƙi guda.

Shin ko kun san siffarsa kamar akwatin ƙarfe take a kan ƙafafu takwas? Ba dogon hanci, ba tukunyar ruwa. Nauyinsa tan 60, injinsa mai silinda shida, ƙarfinsa na doki 300. Direba na da wurin tuƙi a kowane ƙarshe, saboda haka babu buƙatar a juya shi idan za a koma baya.

Shin ko kun san tashar da ya yi aiki ba ta haɗe da sauran layukan kamfaninsa ba? Tashar kaya ce a unguwar Bronx, a bakin kogin Harlem. A kan jiragen fito ake kawo taragu, shi kuma ya jawo su tudu, ya zagaya da su ta matsattsen layin da ya kewaye wani zagayayyen ɗakin kaya, leburori su sauke, ya mayar da su bakin ruwa.

Shin ko kun san wajen tsimi ne ya fi burge masu kamfani? Jirgin tururi sai an hura masa wuta awanni kafin ya motsa, a ɗura masa ruwa, a loda kwal, a kwashe toka, kuma ko yana tsaye yana jiran aiki kwal na ci. Wannan kuwa a tayar da shi ya kama aiki, a gama a kashe.

Shin ko kun san shekara 32 ya yi yana wannan hidima? A 1957 ya yi ritaya, aka kai shi gidan tarihin jiragen ƙasa na B&O da ke birnin Baltimore, inda ake adana shi.

Shin ko kun san Ingila ma ta wannan hanya ta bi? Tsakanin 1952 da 1962 aka ƙera kawunan shantin 996 na samfurin da aka sani da Class 08, kuma har yau wasu na bakin aiki.

Raina kama ka ga gayya. A 1948 ALCO ta daina ƙera jiragen tururi, zuwa 1960 kuma manyan kamfanonin Amurka sun ajiye su. Kawunan da ke jan jirgin Abuja zuwa Kaduna a yau ma tsarinsu ke nan: dizal ya juya janareta, wuta ta juya ƙafafu. Kafin a amince wa wannan fasaha ta ja manyan jiragen fasinja a Amurka, sai da ta fara nuna amfaninta a tashar kaya, a hannun direbobin shantin, kuma sun cancanci a riƙa tunawa da su.