Yaro lafiya lau, ƙwayar gudawa a cikinsa

A shekarar 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya duba kashin jarirai da madubin likita, ya ga wata ƙwaya mai kama da guntun tsinke. Sunansa ta ci, ita ce E. coli. Tana shiga hanjin jariri tun kwanakin farko bayan haihuwa, kuma kusan kowa yana tare da ita har tsufa. Galibinta zaman lafiya take yi da mu, har ma tana tare wa miyagun baƙi wurin zama.

Sai dai dangi ɗaya, hali daban-daban. Wasu ire-irenta suna riƙe da makamai. Akwai mai ƙananan gasu da take maƙale wa bangon hanji da su. Akwai mai dafin da ke sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa, shi ne zawon nan tsululu. Wata kuwa tana jeruwa a kan bangon hanji kamar tubalin gini. Kuma suna ara wa juna makaman nan kamar yadda maƙwabta ke aron turmi. A 2011 a Jamus, irin mai jeruwa kamar tubali ta samu dafi mai lalata ƙoda, ta bi tsiron hulba da ake ci ɗanye a salak, ta kwantar da mutane kusan 4,000, sama da 50 suka rasu.

Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, ana samun masu makaman nan a cikin yaran da ke wasansu lafiya lau. Tsakanin 2007 da 2011 an yi wani babban bincike mai suna GEMS a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangladesh da Pakistan. An gwada kashin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu gudawa sama da 9,000 da marasa gudawa sama da 13,000. An samu aƙalla ƙwayar cuta ɗaya a kashi 83 cikin 100 na masu gudawar. A cikin masu lafiyar kuwa, kashi 72. Tazarar ba ta da yawa. A Najeriya ma, Farfesa Iruka Okeke, wadda ke Jami'ar Ibadan, ta samu irin mai jeruwa kamar tubali a cikin yara masu zawo da marasa zawo a kudu maso yamma.

To me ke hana su kwanciya? Nonon uwa yana ɗauke da garkuwar da ke hana ƙwayar maƙalewa. Yaron da ya taɓa karo da ita jikinsa ya san ta. Yawan da ya haɗiya ma yana da tasiri, haka ƙoshinsa ko yunwarsa.

Amma rashin zawo ba ya nufin babu ɓarna. Binciken MAL-ED, da ya bi yara daga haihuwa zuwa shekara biyu a ƙasashe takwas, ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan ɗaukar ƙwayoyi irin su Shigella da Campylobacter da E. coli mai jeruwa kamar tubali, ko da ba su yi zawo ba, sun fi tsumburewa. Bangon hanji ke kumbura a hankali, abinci ya wuce jiki bai amfana da shi yadda ya kamata ba. Uwa tana ta ɗura kunu, tana cewa yaron nan yana ci amma ba ya auki. Akwai kuma irin E. coli wadda ba ta da wata illa a hanji, sai ta ɓata hanya ta shiga mafitsara. Mafi yawan ciwon fitsari daga nan yake. Shi ya sa ake yi wa 'ya mace tsarki daga gaba zuwa baya.

Inda abin ya fi damuna shi ne yadda muke raina kashin yaro. Mai rarrafe ya yi a tsakar gida, a kwashe da tsinken tsintsiya a watsa bayan ɗaki, kaji su tona, ƙuda su sauka su tashi zuwa kan kwanon tuwo. Uwa ta wanke shi da buta, ta goge hannu a zane, ta ɗauki moɗa ta tsoma a randa. Ƙwayar da ɗan shekara uku ya saba da ita, ita ce za ta iya kwantar da ƙanensa da aka yaye jiya, sai a ce haƙora ne. Kashin yaro, mai lafiya ko mara lafiya, masai ne wurinsa. A sa yaro a fo, a juye a masai, a wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaro. Inda babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla.

Kada kuma wannan bayani ya kai kowa kemis neman Flagyl ko Septrin don “wanke cikin” yaro mai lafiya. Maganin zai kashe ƙwayoyin kirki tare da na banza, waɗanda suka tsira kuma su ne masu taurin kan da magani ba zai ci su ba gobe. Ko takardar gwaji ta nuna E. coli a kashi, wannan kaɗai ba ciwo ba ne. Idan zawo ya zo, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Rigakafin rota, da Nijar ta fara a 2014, Najeriya a 2022, yana tare babban sanadin zawon jarirai. In aka ga jini a kashi, ko ido ya faɗa, ko yaro ya ƙi nono ya yi laushi, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.