Karen Da Ke Jan Gindi A Ƙasa

Sau da yawa manomi in ya ga karensa yana jan gindi a ƙasa, sai ya ce tsutsar ciki ce. Ba kullum ba ne. A gefen duburar kare akwai 'yan jakunkuna biyu, dama da hagu, masu tara wani ruwa mai ɗoyi da kan fita tare da kashi. Wannan ba cuta ba ce. Amma in bakinsu ya toshe, wurin kan kumbura, kare ya yi ta lasa, har ya zama maruru ya fashe da mugunya da jini. To, nan fa sai likitan dabbobi. Kada a sa aska a gida.

In kuwa farin abu ne kamar ƙwayar shinkafa yana motsi, tsila ce, tana da magani. Wata irin tsilar kare ma takan kama tumaki, har da mutane, don haka ba a jefa wa kare ɗanyen kayan ciki.

Wanda ba ya jiran gobe shi ne zawon jini da amai ga kwikwiyo, watau alamar cutar fabo, wadda ta ɓulla a 1978. Takan kashe cikin kwana 2 ko 3. Lalle a ware shi daga sauran karnuka, a kai shi asibitin dabbobi ran nan.